Ranar da Na Juya Ƙafafun Giwar Baba

Sallama gare ku, ku da kuke karanta ni a waya, ko kuna kan tabarma ko kuna cikin mota. Sunana Mashkura, daga Bagudo nake rubutu. Yau zan faɗa muku abin da na yi wa giwar babana. Ko allura ban taɓa ɗaukar masa ba da saninsa ba, sai a wannan karon.

Amma bari in fara da Sufyan, don ku san inda maganar ta dosa.

Sufyan mai gyaran roba ne. Yana da rumfa a kasuwar Tsamiya, dab da iyaka, inda yake liƙe jarkoki da tankunan ruwa da fasassun robobin babur da ƙarfe mai zafi. Gidansu yana tsallake, ɓangaren Benin, wajen Segbana. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan yana zuwa ƙofar gidanmu, kullum cikin yadi ruwan toka da hular da ta ɗan yi masa girma, kullum da warin ƙonanniyar roba a yatsunsa duk turaren da ya shafa. Sau uku yana cewa zai turo manya, sau uku ina cewa a bari. A bari damina ta wuce. A bari a yi girbi. A bari in gama koyon ɗinki. Na ƙarshen ma ƙarya ce, na gama tuntuni.

Ina son sa. Na rubuta a nan ne don kada ku cika ni da tambaya a ƙasan rubutun.

Dalilina ɗaya ne. Idon Baba yana tafiya, kuma ni kaɗai na sani.

Baba, Malam Lauwali, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin malamin dabbobi. Daga rugagen Matsinkai har Kurgu an san shi da abu guda: yakan tsaya daga nesa ya dubi garke, ya nuna saniyar da za ta kwanta ciwo kafin mai ita ya lura. Tun da Inna ta rasu shekara huɗu da suka wuce, mu biyu ne a gidan. Bara na ga ya zuba shayi a gefen kofi, ya ci gaba da zubawa. Bayan sati biyu na ji yana yi wa rigarsa da na shanya a igiya sallama. Daga nan na fara shirya gidan. Buta a hagun ƙofa. Takalmi a kan dakali, bakinsa yana kallon waje. Idan ya ɗauko hula sai in ce, "Baba, shuɗiyar nan ta hau da rigar," don ya san wacce ce a hannunsa. Saƙon waya ni nake karanta masa, wai don rubutun ƙanana ne. Masallaci kuwa taku ɗari da goma sha biyu ne, na ji yana ƙirgawa a hankali.

Shi bai ce in ɓoye ba. Ni ban ce na gani ba. Haka muka zauna shekara guda. In na yi aure, wa zai ajiye butar? In na faɗi dalili, na tona shi a gaban gari. Shi ya sa nake cewa a bari.

To, giwar.

Baba mutum ne mai son abin da ba shi da amfani. A kan kantar ɗakinsa akwai ƙararrawar jirgin ruwa, da kwalba mai ɗan gida a ciki wanda in ka girgiza sai farin abu ya riƙa zuba a kansa, da agogon da hannuwansa suke tafiya baya. Duk daga kayan gwanjon da ake shigowa da su daga Kwatano ya tsince su. Watan jiya ya dawo daga Tsamiya da kwali mai rubutun da ko Sufyan, da yake jin Faransanci, ya ce bai san na wace ƙasa ba ne. A ciki akwai giwa ta roba, amma a wargaje: gangar jiki, kai, hanci, kunnuwa biyu, haure biyu, ƙafafu huɗu, da ɗan wutsiya kamar tsinken tsintsiya. Kowane yanki rami ne a cikinsa, sai an datse bakinsa an haɗa da gam.

Baba bai taɓa ganin giwa da idonsa ba. Shekarar da giwaye suka ƙetaro daga Benin suka shiga gonakin mutane, yana Birnin Kebbi wajen jinyar Inna. Da ya dawo sun tafi, sai sawu ya tarar. Ya auna sawun da hularsa, hular ta shige har da saura. Har yau yana ba da labarin hular.

Sati uku ya yi yana haɗa ta. Da hantsi yake zama a gindin darbejiya, da reza, da kwanon ruwan zafi, da 'yan ƙananan kwalaben sufa-gulu. Ya tsoma yanki a ruwan har ya yi laushi, ya datse, ya cusa, ya riƙe. Na ce in taya shi, ya ce, "Tahi wajen kekenki." Rabin aikin idonsa a sama yake, yatsu ne suke yi.

Da ya gama, giwar ta ƙi tsayuwa. Sai ta riƙa kifewa ta gaba kamar mai neman abu a ƙasa. Baba ya sa mata kwalin ashana a ƙarƙashin ƙirji, ya ce laifin masu yin ta ne. Ni dai na ga kamar akwai abin da bai zauna ba, amma ni ma ban taɓa ganin giwa ba.

Ranar Lahadi Sufyan ya zo gaisuwa. Na shimfiɗa musu darduma a zaure, na kai ruwa da dabino, na koma bayan labule inda nake tsayawa kullum. Sanye nake da atamfa mai zanen ganye da mayafi ruwan ƙasa, in kuna son sani, kuma ba wanda ya gani.

Baba ya fito da giwar a kan faranti, har da kwalin ashanar.

"Kai da ka girma inda suke," in ji shi, "duba min wagga."

Sufyan ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta, ya sake juyawa. Na ga ya tsaya a kan ƙafafun baya, ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai ya dubi fuskar Baba, abin da bai taɓa yi ba, ya yi sauri ya mayar da idonsa ƙasa.

"Ta yi kyau, Baba."

"Haka suke?"

"Kunnen nan sak. Hancin ma."

Baba ya ji daɗi har ya ba shi labarin hula.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Saƙon Sufyan ne.

"Malama, kin huta?"

"Na huta, mai jarka."

"Ƙafafun giwar na baya a juye suke. Ta dama tana hagu, ta hagu tana dama, kuma duka suna kallon baya."

Na je na duba. Baba yana masallaci.

"Ta yaya ka sani?"

"Dubi faratan. Na gaba suna kallon hanci, na baya suna kallon wutsiya."

Gaskiya ne. An zana mata farata da farin fenti, ƙanana, a bakin kowace ƙafa. Na bayan suna kallon inda ta fito.

Ya sake rubutowa: "Ƙafar saniya ta baya, gaɓarta baya take lanƙwasa. Ta giwa gaba take yi, kamar gwiwar mutum. Baba ya haɗa mata ƙafar saniya. Duk wanda ya yi shekaru yana shafa ƙafar shanu haka zai yi in da hannu ya duba."

Ina cikin karantawa wani saƙon ya shigo.

"Mashkura, Baba yana gani sosai kuwa?"

Na kife wayar a kan keken ɗinki. Kwana biyu ban ba shi amsa ba. Ya aiko da gaisuwar safe sau biyu, da hoton wata jarka da ya liƙe, da alamar tambaya guda ɗaya. Na duba duka, ban taɓa komai ba.

Ranar Talata Gwaggo Barira ta zo. Yayar Baba ce, tana zaune a Kurgu, kuma ba ta zuwa sai da magana a bakinta. Ta shigo da leshi mai ruwan goro da jakar hannu da ba ta ajiyewa ko a kan sallaya. Ta zauna a kujerar tsakar gida, ta dube ni daga ɗankwali har silifa.

"Ɗiyar nan, shekarunki nawa?"

"Ashirin da huɗu, Gwaggo."

"Ni ina kamarki na yaye uku. Mi yaron ga ya yi miki?"

"Ba komai."

"Mummuna ne?"

"A'a."

"Wari yake yi, na sani, amma warin sana'a ne. Na kira uwarsa da kaina. Asabar kawunnansa za su zo, mutum huɗu." Ta ɗaga murya. "Lauwali, ka ji ko?"

Daga cikin ɗaki Baba ya ce, "Na ji. In ita ta yarda."

"Kullum in ita ta yarda. Kai ka zauna kana wasa da 'yar tsana kamar wanda aka yaye jiya."

"Giwa ce."

"Ko raƙumi ce."

Baba ya fito yana murmushi, hannunsa yana bin bango kamar mai duba ko siminti ya tsage. "Su zo," ya ce. "Cikinsu an ce akwai Muhammad Sani, wanda ya yi aikin gadin dajin giwaye shekara ashirin. Shi nika son ya ganta."

Gwaggo ta yi tsaki. Ni kuwa na ajiye tsintsiyar da nake riƙe da ita. Mutum huɗu daga tsallake, kowannensu ya san giwa kamar yadda muka san akuya. Sufyan ya yi shiru don kunyar suruki. Dattawa ba su da wannan kunyar. Ɗayansu zai yi dariya, ɗaya zai nuna faratan da yatsa ya ce, Malam, ba ka ga waɗannan ba? A zauren gidansa, a gaban yayarsa.

Da Gwaggo ta tafi na ɗauki waya. Akwai saƙon Sufyan yana jira: "An ce min Asabar. Ba ni na sa ba. Amma ki sani, in aka ce a bari wannan karon, ba zan iya sake tara su ba."

Na rubuta: "Gam ɗin da ya riga ya bushe, ana iya ɓamɓare shi?"

Ya amsa nan take. "Ana iyawa. Ina buƙatar firiza, da ruwan zafi, da awa uku."

Ranar Alhamis abokin Baba ya ɗauke shi a babur zuwa suna a Sharabi. Na miƙa masa farar hula, na ce farar ta hau da rigar. Suna karya kwana na naɗe giwar a tsohon zanen Inna, na nufi gidan Shafa'atu. Ƙawata ce tun firamare, ta yi aure a layinmu, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da firizar sola.

Ta buɗe zanen, ta dube ni.

"A firizata za ki sa wannan?"

"Awa ɗaya kawai."

"Wasu saurayi na kawo musu turare. Ke naki ya rufe rumfa ranar aiki, ya taho sanyaya giwa." Ta matsar da ledojin zoɓo, ta kwantar da ita a tsakaninsu. "Allah ya sa kada mijina ya buɗe."

Sufyan ya iso da jakar kayan aiki a bayan babur, duk jikinsa jar ƙasa. Shafa'atu ta shimfiɗa mana tabarma a ƙofar zaurenta, ta zauna daga ciki tana ƙulla leda, kunnenta a wajenmu. Na ɗora ruwa a kurfoti.

Ga yadda ake yi, ko wata a cikinku za ta buƙata. Sanyi yana sa busasshen gam ya yi gautsi. Zafi kuma yana sa robar ta yi laushi. To in ka fito da ita daga firiza, sai ka tsoma daidai mahaɗin a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, wanda yatsa zai iya leƙawa ya fito. Robar za ta saki jiki, gam ɗin ba zai bi ta ba. Sai ka riƙa matsawa a hankali da babban yatsa, kana zagayawa, har ka ji ɗan ƙas.

Ƙafar farko ta fita lafiya. Sufyan ya miƙo min ita, tana da ɗumi kamar abu mai rai.

"Kankare farin nan da reza. Kada ki ci robar."

Na zauna ina kankarewa. A cikin ramin ƙafar na ga sawun yatsan Baba a jikin gam, zanen fatar yatsan ya fito sarai. Na ɗan tsaya kafin in kankare shi.

Inda ya ƙi fita, Sufyan ya ɗiga man goge farce a tsinken ashana ya shafa. Ya ce in ya taɓa fenti zai cinye shi, don haka da tsinke ake yi, ba da tsumma ba. Man na Shafa'atu ne. Ta ce a rubuta cewa ita ma ta ba da gudummawa.

Ƙafa ta biyu ta yi gardama. Baba ya zuba mata gam kamar mai gina rijiya. Sufyan ya tsoma, ya matsa, ya sake tsomawa. Da ta tashi fita sai ta yage, tsawon rabin yatsa, a cinya.

Na ce, "Shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Jarkar da mota ta taka ma ina tayar da ita." Ya yanko ɗan siririn roba daga cikin ramin, inda ba a gani, ya liƙa ta ciki, ya haɗe bakin yagewar. Kansa a sunkuye ya yi maganar. "Idon Baba ne ya sa kike cewa a bari?"

Na ci gaba da kankare gam.

"Damina, da girbi, da ɗinki. Duk wannan ne?"

"Shi ne."

"Tun yaushe?"

"Shekara."

Ya gyaɗa kai. Ya hura wajen da ya liƙe. "Na ɗauka wani ne. Har na fara zargin mai shagon cajin nan na bakin tasha."

"Mai haƙorin gwal?"

"Shi."

Daga cikin zaure Shafa'atu ta tuntsire da dariya, sannan ta yi kamar tari ne.

Sufyan ya ce, "Kawuna Muhammad Sani, shi da za a nuna wa giwar, yanar ido ta rufe masa gani shekara biyu. An kankare masa a asibiti, yanzu yana zare ƙaya da kansa. Ban ce irinta ce ba, ni ba likita ba ne. Amma ba a kai mutum a duba shi sai ya ce da bakinsa ba ya gani. Ke kuma kin gyara masa gidan yadda ba zai taɓa buƙatar faɗa ba."

Ban ji haushi ba. Na dai lura cewa ruwan ya huce, na ƙara gawayi.

Ya ɗauki ƙafafun biyu, ya sauya musu wuri, ya gwada ba gam. Bakinsu ya riga ya karkace da zaman da suka yi a juye, sai da ya sake tsoma su a ruwan zafi, ya murza da yatsa har suka koma yadda aka yi su, sannan ya tsunduma su a ruwan ƙanƙara don su riƙe. Kafin ya buɗe gam ya dube ni.

"In mun liƙa zai sani."

"Ba zai gani ba."

"Ban ce zai gani ba. Sati uku tana hannunsa."

Na yi tunanin zauren, da mutum huɗu, da yatsan da zai nuna faratan. Na ce, "Liƙa."

Ɗigo uku-uku ya sa. Na riƙe ƙafa ɗaya, ya riƙe ɗaya, muna ƙirga sittin. Wannan ne kusanci mafi yawa da muka taɓa yi, da giwa a tsakaninmu. Da muka saki ya ajiye ta a kan siminti. Ta tsaya da ƙafafunta, kanta a sama.

Na mayar da ita kan kantar ɗakin Baba kafin azahar, tsakanin ƙararrawa da agogo. Na mayar da kwalin ashanar ma ƙarƙashin ƙirjinta, ko da yake yanzu bai taɓa ta.

Baba ya dawo bayan la'asar da ƙullin naman suna. Ya yi alwala da butar da ke hagun ƙofa. Ya ci abinci. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da giwar, ya zauna a gindin darbejiya kamar kullum. Ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa.

Yatsunsa suka bi hanci, suka bi kunne, suka gangara baya. Suka tsaya.

Ya daɗe a haka. Ya shafa cinyar da ta yage, ya kai ta hancinsa ya shinshina. Sannan ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa, ya janye hannunsa kaɗan, yana jiran ta kife. Ba ta kife ba.

"Mashkura."

"Na'am, Baba."

"Giwata tana warin zoɓo."

Na ajiye farantin shinkafar.

"Wa ya juya mata ƙafa?"

"Ni ce. Da Sufyan."

"Shekara talatin da ɗaya ina kama ƙafar dabba. Shanu, tumaki, jakai, har raƙumi. Babu wadda gaɓarta ta baya ke kallon gaba."

"Ya ce ta giwa haka take. Kamar gwiwar mutum."

"Kamar ta mutum." Ya maimaita a hankali, kuma na rantse muku daɗi na ji a muryarsa, irin daɗin da yake ji in ya tsinci wani sabon abu a gwanjo. Ya shafa gwiwarsa, ya shafa ta giwar. Sannan ya ce, "Da mi ya gane?"

Nan ne ya kamata in yi ƙarya. Ina da ita a shirye, cewa Sufyan ya san giwa ne kawai. Na shekara ina yin irinta, ba ta yi min wuya.

Na ce, "Da farata."

"Tana da farata?"

"Tana da su."

Ya bi bakin ƙafar da yatsa. Ba su da tudu, fenti ne kawai.

"An zana su da fari, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun cikin kwali."

Wata kaza ta zo ta leƙa farantin shinkafar, ban kore ta ba. A waje wani mai babur yana ta danna ham. Baba ya ɗauki giwar ya ɗora a cinyarsa.

"Hular da kika ba ni yau, fara ce da gaske?"

"Fara ce."

"Ba na son in riƙa tambaya, shi ya sa." Ya gyara zaman hular. "Yaron ga wata nawa shina jira?"

"Goma sha shida."

"Don buta."

Na dubi butar da ke hagun ƙofa.

"Na ji ki kina ajiye ta kullum da asuba. Na ce in na yi shiru, wataƙila abin zai tsaya inda ya tsaya." Ya juya giwar a hannunsa. "Shi ya dube ta ya ce min ta yi kyau. Ke kullum kina ce min hula ta hau da riga. Maƙaryata biyu masu ladabi. Kun dace."

"Baba, in na tafi…"

"Asabar su zo. Ki gaya wa Barira ta daina kiran mutane a waya, na ba da ke. Ki gaya wa mai jarka, in an watse ya tsaya, ina son jin wace asibiti anka kai kawunsa. Shafa'atu ta tare ni a hanya tana ba ni labarin kawun, ba wanda ya tambaye ta."

Zan yi maganin Shafa'atu, amma ba yau ba.

Sai ya miƙo min hannunsa. Tunda nake, Baba bai taɓa miƙo min hannu don in kama ba.

"Nuna min inda suke."

Na durƙusa na kama yatsansa, na ɗora a kan farcen farko. Ɗaya. Na matsar. Biyu. Uku. Muka bi ƙafafun huɗu duka, yana ƙirgawa a hankali kamar yadda yake ƙirga hanyar masallaci. Da muka gama ya ce a cire kwalin ashanar daga kan kantar ɗaki, a kai kicin inda zai yi amfani.

Na koma bakin ƙofa na ɗauki waya. Sufyan ya aiko saƙo uku: "Ya dawo?" "Ya taɓa ta?" "Malama?" Na rubuta masa kalma ɗaya, "Asabar," na tura. Ban san wa zai ajiye butar ba bayan na tafi. Ban san abin da likita zai ce ba. Na zauna ina kallon alamar da ke nuna yana rubutu, yana gogewa, yana sake rubutu.

Rana tana kan katanga, ko ja ba ta fara yi ba. Baba ya ɗaga kai sama.

"Mashkura, magariba ce ta yi, ko idona ne?"

"Idonka ne, Baba," na ce. "Da sauran rana."